Ƙarfen da Auta Yake Bugawa

…na ce Auta ba ya tafiya! Gwaggo, ajiye wankin nan ki ji. Baba Tela, matso kusa. Ai ku ɗin nan na tsakar gida ku ne duk jama'ar garin, ba sai na ari lasifika ba.

Auta dai ƙanena ne. Tun yana yaro aikinsa ɗaya, buga ƙarfen da ke rataye a bishiyar makaranta don yara su shiga aji. Ni da ƙyar na gama firamare, shi kuwa ya ƙi barinta, har ya zama mai gadinta. Ƙarfen nan kuwa kakanmu ne ya tsinto shi a gona bayan yaƙi, dogo mai tsinin kai. Ya ce Allah ya ba makaranta ƙararrawa.

Lokacin yaƙin nan sojoji sun zauna mana, sun cinye awaki, sun haƙa ramuka, suka ce za su dawo su cike nan ba da jimawa ba. Ramukan suna nan, kwaɗi na godiya. Duk da haka ba wanda ya gudu. Kwalta ce ta yi abin da bindiga ta kasa, kowace mota ta tsaya sai ta tafi da ɗan wani. Yara suka ƙare, aka rufe makaranta, Auta yana buga ƙarfe kaji suna taruwa. Shi ma ya ɗaure kayansa.

Na ce, "In ka tafi wa zai haƙa mana kabari? Baba Tela?"

Ya ce, "Yaya, ƙarfe zan ci?"

Sai ga baƙo da kyamara, wai tarihin yaƙi yake bi. Auta ya ɗaga sanda zai nuna masa gwaninta. Bawan Allah ya dubi ƙarfen sau ɗaya, ko sallama bai yi ba, har takalmi ya bar mana.

Ɗazu wayar Auta ta yi ƙara, na manna kunnena. Daga barikin soja ne, wai baƙon nan ya kai musu labari. Ashe ƙarfen nan bom ne, kuma da ransa. Abin da muke jibga tun zamanin kaka ke nan, mu masu wayo.

Sojan ya ce, "Kada kowa ya ƙara taɓa shi. Kai za ka yi gadinsa, da albashinka, har mu zo mu ɗauke."

Auta ya ce, "Ranka ya daɗe, yaushe za ku zo?"

Ya ce, "Nan ba da jimawa ba."