Ina Za Ki Sauka, Saratu?

Da safen nan ina cikin ɗaura takalmi Mama Rifkatu ta kira ni. Mijinta, Baba Kyaftin, ya rasu. Har yanzu takalmi ɗaya ne a ƙafata.

Ga waɗanda ba su san shi ba, shi ya koya mini tuƙa jirgin helikwafta. Ko in ce, shi ya koya mini abin yi ranar da jirgin ya ƙi tuƙuwa.

Mutumin nan ya hana ni sakat. Muna sama lafiya lau, yana ba ni labarin jikokinsa, sai kawai ya rage wa inji wuta ba gargaɗi. "Inji ya mutu. Ina za ki sauka, Saratu?" Ko a mota ya rage mini hanya zuwa Barnawa, sai ya bugi sitiyari ya jefo mini tambayar. Na sha yin fushi. Shi kuwa sai ya saya mini gasasshiyar masara, wai fushi bai taɓa saukar da jirgi ba.

Idan jirgi ya fara faɗowa, jiki so yake ya ja sandar hagu sama. Baba ya ce ƙasa ake danna ta, don iska ta ci gaba da juya farfela. Bai bar ni ba sai da hannuna ya haddace.

Daminar da ta wuce, ina ɗauke da fasinjoji biyu, daidai saman Gonin Gora, ƙarar inji ta canza. Sai ƙararrawa ta ɗauka. Sai injin ya yi tsit.

Babu Baba a kujerar gefe.

Hannuna ya danna sandar tun kafin in gama tsorata. Ƙasa tana taso mana: titin Abuja cike da tireloli, rufin kwano, mutane ko'ina. Na bayana sai kiran sunan Yesu yake. Hayaƙin masu gasa masara ya nuna mini inda iska ta dosa. Na hango wata gona. Baba ya sha faɗa mini wayar lantarki ba ta ganuwa daga sama, turakunta ake nema. Na gan su, na kauce da ƙyar.

Muka dira cikin taɓo da ƙarfi. Mu ukun da ƙafafunmu muka fito.

Ranar Lahadin da ta wuce na je duba Baba a asibiti. Ya rame sosai, numfashi da ƙyar. Don in sa shi dariya na ce, "Baba, inji ya mutu. Ina za ka sauka?"

Bai yi dariya ba. Ya riƙe hannuna na hagu ya ce, "'Yata, tuni na ga filin. Babu waya."

Ban gane sallama yake yi da ni ba. Zuciyata ta karye.

Ubangiji ya karɓi bawansa, ya ta'azantar da Mama Rifkatu da yara, cikin sunan Yesu. Don Allah duk wanda ya karanta wannan ya sa su a addu'a. Ni ma ku sa ni. Gobe zan hau sama da ɗalibina na farko, kuma ni ce zan yi tambayar.