Lauyan da Ya Tone Gamba

Har yau ban manta da ranar da muka tsaya a bakin fadama muna kallon lauya yana tono da fartanya ba. Ku da kuke aikin malamin gona yanzu kun sha tambayata abin da ya fi tsaya mini a rai tun daga kama aiki har ritaya. To wannan ne, ko da yake ba maganar taki ba ce, ba kuma ta iri ba.

A lokacin ina shekarata ta shida a wani ƙauye da ke gabas da Makoda. Malamin gona a wancan zamani ba noma kaɗai yake koyarwa ba. Shi ne mai karanta wasiƙa, shi ne mai cike takarda, wani lokaci har rikicin gado a kira shi. Ni kuma aka ƙara mini da aikin magatakardan ƙungiyar manoman rani, don ni ne mai biro. Ƙungiyar tana noma wata fadama da magidanta suka gada tun kakanni, kowa da yankinsa, ana albasa da tumatir da barkono. Da rani idan ka sauka can da hantsi, ƙanshin jiƙaƙƙiyar ƙasa kaɗai ya isa ya sa ka manta da gajiyar hanya. Wallahi ina kewar wurin.

Shugabanmu Sarkin Noma Haladu ne, dattijo mai ƙarancin magana, wanda yankinsa ne na ƙarshe ta yamma. Daga nasa sai layin gamba, ciyawar nan mai tsayi da ake shukawa a kan iyaka, sannan gonar marigayi Malam Iro.

Bayan girbin gero sai ga sammaci. 'Ya'yan Malam Iro sun sayar wa wani Alhaji ɗan birni gonar ubansu, shi kuma ya kai mu kotun shari'ar Musulunci yana cewa cinikinsa ya kai har bakin rafi. Wato fadamar nan dukkanta tasa ce. Yana da takarda, yana da lauya. Mu ba mu da ko ɗaya.

Ga waɗanda ba su san tsarin ba, a irin wannan kotu mai ƙara ne ke kawo shaidu. Idan shaidunsa ba su gamsar ba, sai a juyo kan wanda ake ƙara, a ba shi Alƙur'ani ya rantse. A wajenmu wanda zai dafa shi a madadin kowa shi ne Sarkin Noma.

Aka yi taro a ƙofar gidan mai gari, aka ce ni da Sarkin Noma mu shiga Kano mu nemo lauya. Babu wanda ya taɓa ɗaukar lauya a cikinmu. Abin da mutanenmu suka sani shi ne lauya nagari shi ne mai bakin da alƙali zai ji tsoro. Wani tsoho ma ya ja ni gefe ya ce, "Malam, ka duba mana mai jiki, kar ka kwaso mana ramamme."

Na farko da muka je wurinsa ba zan faɗi sunansa ba, yana raye. Ofishi ne mai sanyi, littattafai har rufi, aka kawo mana lemo tun ba mu zauna ba. Na fara bayani, ban kai rabi ba ya ɗaga hannu.

"Baba, ka koma gida ka kwantar da hankalinka," ya ce da Sarkin Noma. "Ko taku ɗaya ba za su ɗauka ba. In an zo rantsuwa ka rantse kawai, sauran aikina ne."

Ni kam ya gama da ni. Muna fitowa na ce, "Baba, ai mun samu." Sarkin Noma dai ya ce tunda hedimastan makarantar garinmu ya ba mu sunan wani lauyan, mu cika masa alkawari mu leƙa.

Na biyun shi ne Barista Nafi'u. Ofishinsa ɗaki ɗaya ne a saman wani shagon ɗinki, fanka tana juyawa da ƙyar. Siriri ne kuwa, irin wanda aka ce kar in kwaso. Ya saurare mu har ƙarshe, ya yi ta tambaya: wa ya fara noma wurin, su wa ke maƙwabtaka da mu, da me aka yi iyaka. Da ya gama sai ya rufe littafinsa ya ce ba zai ce zai karɓa ko ba zai karɓa ba sai ya ga gonar da idonsa. A raina na ce wannan bai yarda da kansa ba ne.

Ran Asabar ya zo a motar haya, ya ƙarasa a bayan babur. Mutanen gari suka fito kallon lauya, suka ga mutum da jaka a rataye, duk jikinsu ya yi sanyi. Ya tuɓe takalmi, ya naɗe ƙafar wando, ya bi iyakar fadama tun daga rafi. Da ya iso layin gamba na yamma sai ya tsaya, ya tsuguna, ya kama gindin ciyawar yana dubawa.

"Baba, wannan gambar shekararta nawa?"

"Ta daɗe," in ji Sarkin Noma.

"A gonar mahaifina na tashi, a wajen Tofa. Gambar da ta daɗe gindinta ba ya zama haka. A ara mini fartanya."

Da aka ba shi, Barista ya juyo cikin yankin Sarkin Noma yana ƙirga kunyoyi, yana sara nan da can. A kunya ta goma sha ɗaya fartanya ta ci karo da wani abu. Ya tono ruɓaɓɓen tushen gamba, baƙi ƙirin. Ya matsa gaba ya tono wani, ya sake matsawa ya tono na uku, duk a jere.

Gaskiyar magana babu wanda bai sani ba. Malam Iro ya yi shekaru yana jinya, 'ya'yansa suna kudu, gonar ta zama saura, ba mai nomanta. Duk shekara idan an zo huɗa, garmar Sarkin Noma takan ɗan ci kunya ɗaya, daga baya aka shuka sabuwar gamba. A ƙauye irin wannan ba a faɗa wa baƙo, balle a kan dattijo. Ni ma na sani. Ni nake auna yankuna kowace shekara saboda rabon taki, ina ganin nasa yana ƙiba, na ja bakina na yi shiru don shi ne ya ba ni masauki ranar da na fara zuwa garin.

Barista Nafi'u bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Fadamar nan taku ce, kuma ina ganin za a iya kare ta. Amma kunyoyin nan goma sha ɗaya ba naku ba ne. In kun ɗauke ni, da bakinmu za mu fara faɗa wa alƙali haka. In ba ku yarda ba, ba ni ne lauyanku ba."

Nan fa aka kaure da hayaniya. Wani ya ce mun ɗauko wanda zai yi wa Alhaji aiki. Wani ya ce a mayar da shi tasha. Ni da kaina na matsa kusa da Sarkin Noma na raɗa masa cewa na farkon ya ce ko taku ɗaya ba za a ɗauka ba, kuma har yanzu ƙofarsa a buɗe take.

Ya kalli tushen gambar da ke ƙasa. Sannan ya juyo gare ni.

"Malam, wancan ya tambaye ni ko da abu ɗaya ne?"

"A'a, Baba."

"To bai san abin da zan rantse a kai ba, amma ya ce in rantse. Shi zai koma gidansa, ni ne zan kwanta da ita a kabari." Ya miƙa wa Barista hannu. "Ɗan nan, kai muka ɗauka."

An yi wata bakwai ana zuwa kotu. A zaman farko Barista Nafi'u ya miƙe ya ce akwai kunyoyi goma sha ɗaya da muke mayarwa. Na ga lauyan Alhaji ya rufe wata takarda a hankali. Ashe shaidunsa a kan wannan cin iyakar suka shirya, don su nuna cewa duk maganarmu ƙarya ce. Da aka zo batun fadama kuwa ba su da abin faɗa. Alƙali ya zo da kansa ya ga wurin, sannan ya juyo da rantsuwa. Sarkin Noma ya yi alwala ya dafa Alƙur'ani, ya rantse cewa daga tsohon layin gamba zuwa rafi gadonmu ne. Ina tsaye a bayansa. Fadama ta tsaya a hannunmu.

Abin da na koya shi ne, duk mai sana'ar da zai yi maka alkawari bai tambaye ka komai ba, ba aikinka ne a gabansa ba. Wannan har da mu malaman gona. Tun daga lokacin ban sake auna gona na ga kuskure na yi shiru ba, ko ta wane ne.

Bayan shekara biyu Sarkin Noma ya kwanta ciwon ajali. Na je duba shi, ya riƙe hannuna ya ce in gai da Barista. Na ce zan gaya masa har yanzu gari yana godiyar fadama.

"Ba fadama ba," ya ce. "Ka ce masa na gode da ya rage mini kaya."