Ƙunshin Mai Tsaron Gida

Duk wanda ya shiga Kantin Kwari yau ya ga ƙanwata a shagonta, da tabarau a hanci da carbi a hannu, ba zai yarda ta taɓa yin tsalle a rayuwarta ba. Sai an wullo turmin atamfa daga bene, ta cafe da hannu ɗaya ba ta ko katse hira ba. To wannan Hajiyar tana cikin matan farko da aka ɗauka aiki don su buga ƙwallo a garin nan. Gola ce, mai tsaron gida.

A Fagge muka tashi. Ita kullum da yamma sai ta ɗaura zane a kan wando, ta tsallaka Sabon Gari inda 'yan mata ke wasa. Ni haushinta nake ji, domin ni ake tarewa a hanya ana cewa in ja mata kunne, sai ka ce tana jin maganata. Da Baba ya gaji da ƙorafin maƙwabta, ya kira ta ya ce, "Na ji wani kamfanin lemo zai kafa ƙungiyar mata. Ki je gwaji sau ɗaya. In sun ɗauke ki, aiki ne, ba mai hana ki. In ba su ɗauke ki ba, ke da ƙwallo har abada."

Sai gwajin ya faɗo ranar ƙunshin bikina.

Gwaggo, yayar Baba, ita ce uwar biki, kuma ba a yi mata musu. Kafin azahar ta kama duk wata budurwa a gidan ta dambara mata lalle. Ina lulluɓe a ɗaki na hango ƙanwata a lungu, ƙafafu ɗaure da tsumma, hannun dama cikin zungurun lalle har gwiwar hannu. Gwaji bayan la'asar ne, Gwaggo kuwa ta ce ba mai kwancewa sai magariba. Yarinyar da ko allura ba ta sa ta kuka, ga hawaye ya wanke mata fuska. Wallahi sai na ji tausayinta ya kama ni.

Da Gwaggo ta matso da ƙwaryar lalle za ta sa mini, na naɗe ƙafafuna.

"Gwaggo, sai an kwance ta."

"Ƙanwar amarya da farar ƙafa? Ba a gidan ɗan'uwana ba."

"To amaryar ma haka za a kai ta."

Aka yi lallashi, aka yi zagi, na kafe. Ga dangin ango suna hanya. Gwaggo ta dube ni ta ce dama ta san duk gidan ni ce mai taurin kai, sannan ta kwance mata ƙafafu, ta fizge zungurun da kanta. Ƙanwata ko wanke hannu ba ta tsaya yi ba, ta fice da gudu, lalle na zuba a zaure. Daga baya ta ce duk ƙwallon da ta kama sai ta bar mata shatin yatsu, har koci ya zaci ciwo ta ji.

Gab da magariba ɗakin ya cika da mata, ana jira amarya ta yi kukan rabuwa da gida. Sai na ji mutum ya kutso cikin mayafina, yana warin gumi da ƙasa. Hannu ɗaya ja, ɗaya fari fat.

"Yaya," ta raɗa mini, "sun ɗauke ni."

Na yi iya ƙoƙarina in danne, abin ya fi ƙarfina. Dangin ango suna zaune suka ji amarya ta tuntsire da dariya a ƙarƙashin mayafi.

Gwaggo ta yi gyaran murya ta ce musu, "Haka take kukanta tun tana ƙarama."