Yadda Muka Kori Dez Ba Tare da Mun Faɗa Masa Ba

Desmond Pickersgill, wanda duk garin Wakefield da ke arewacin Ingila ke kira Dez, mai wankin tagogi ne tun yana ɗan shekara sha bakwai. Amma in ka tambaye shi sana'arsa sai ya ce shi makaɗi ne, tagogin don kada ya zauna haka ne kawai. A garejin mahaifiyarsa muka kafa ƙungiyarmu, mu uku: Ralph Hebden na waƙa da jita, ni Bev ina riƙe da babbar jita mai kaurin murya, Dez a bayan ganguna. Sunanmu Ofishin Koke-koke.

Na ce Ralph na waƙa, Allah ya yafe mini. A irin kiɗanmu na post-punk ba a rera komai. Tsayawa kake yi cikin tsohuwar kwat, ka murtuke fuska, ka yi ta masifa a kan bas ɗin da ba ta zo ba da masana'antar da aka rufe, kiɗa na bin ka a miƙe, ba ado ba kwalliya. Ralph mahaifinsa likitan haƙori ne, bai taɓa shiga masana'anta ba ko don fakewa daga ruwan sama, amma masifa kam ya iya ta.

Laifin Dez biyu ne. In kiɗa ya yi masa daɗi sai ya ƙara sauri, waƙar minti huɗu mu gama ta a uku da rabi, Ralph na haki. Na biyun ya fi muni: murmushi. Ana waƙar yadda ƙasa ta lalace, shi yana baya ya washe baki kamar wanda aka yi wa albishir. Shekara tara muna haka. Motarsa ce ke kwasar kayanmu, shi ke ɗaukar masu nauyin. Ranar da aka yi wa babana aiki, shi ya kai ni asibiti, ya zauna jirana awa shida.

A shekara ta tara wani gidan rediyo ya yi kuskuren sa waƙarmu. Sai ga wani mutumin Landan mai ƙaramin kamfanin faifai ya zo kallonmu a wata mashaya a Leeds.

Ya ce, "Ana jin zafin arewa a kiɗanku." Awarsa huɗu ke nan a arewar. "Sai dai mai gangar nan, farin cikinsa ya yi yawa. Ku sa injin buga ganga a madadinsa, mu yi faifai."

Aka ce ni zan faɗa wa Dez, tunda tare muka yi firamare. Ranar Talata muka haɗu a gareji, mahaifiyarsa ta kawo shayi da biskit.

"Dez, akwai magana."

"Ina jin ki, 'yar gari."

Na dube shi, na dubi faranti. "Wannan biskit ɗin sabon fitowa ne?"

Talata uku ina wannan kame-kamen. Mu fa jarumai ne, za mu hau dandali mu yi wa gwamnati tatas a gaban mutum ɗari biyu. Amma a kalli mutum ɗaya a ce masa ya tafi? Haba, ai wannan rashin ladabi ne.

Ralph ne ya zo da dabara. "Mu rushe ƙungiyar kawai, sai mu kafa wata. Kin ga ba mu kori kowa ba, mutuwa ta yi da kanta."

Na ce masa wannan ragwanci ne, sannan na yarda. Muka gaya wa Dez mun gaji, shekaru sun ja. Ya yi hawaye, ya rungume mu, shi ne ma mai ba mu haƙuri. Kafin sati biyu ya sayar da gangunansa.

"In ba da ku ba, da wa zan buga?" in ji shi.

Jikina ya yi sanyi, amma ba sanyin da zai sa in buɗe baki ba. Bayan wata guda muka kafa Sashen Koke-koke; sati guda Ralph ya yi yana tunanin wannan sunan. Muka kama ɗaki a saman wani shagon kafet a garin Castleford, muna ganin mun yi nisa. Ba wanda ya tambayi mai shagon wa ke wanke masa tagogi.

Wata Alhamis da hantsi muna tsakiyar waƙar bas ɗin nan, wadda Dez ne ya ƙirƙiro bugunta, sai hasken ɗakin ya ragu. Na juya. Ga Dez a kan tsani, soso a hannu, kumfa na gangarowa a gilashi. Ya dube ni, ya dubi injin da ke buga kiɗansa. Ralph, mai zagin gwamnati, ya durƙusa bayan lasifika. Dez ya ci gaba da wankinsa har kusurwa, don bai taɓa barin taga rabi ba. Injin na ta bugawa, ba wanda ya tuna ya kashe shi.

Na buɗe tagar.

"Yi haƙuri, Bev," ya ce. "Ban san kuna ciki ba. Da na sani da na bar ta sai gobe."

Nan ne wurin magana. Na san duk abin da ya kamata in faɗa. Bakina ya buɗe da kansa.

"Ba komai, Dez."

Wai ni ce na yafe masa. Ya gode mini, ya sauka. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba, kuma har yau ba ta sake ni ba.

Dez bai ƙara taɓa ganga ba. Faifanmu ya fito da bazara, wata jarida ta rubuta cewa mu ne ƙungiyar da ba ta tsoron faɗa wa kowa gaskiya a gaban idonsa. Dez ya yanko shafin da almakashi, ya zuro mini ta ƙarƙashin ƙofa. A gefe ya rubuta da biro: "Na taya ku murna."