Wasan da Aka Riga Aka Buga

A Jarwal, wata unguwa a Makka, aka haife ni. Iyayena ta Sudan suka zo Makka. Mahaifina tela ne, da keke ɗaya yake ɗinka wa alhazai riguna yana ciyar da mu. Ni kuwa ina bin motar kaya zuwa Jidda, kuma har na zama saurayi ban taɓa cin haƙƙin kowa ba.

A shekarun nan na sittin, ba ma jin labarin ƙwallon Turai sai jaridar Masar ta iso, ita kuma takan kwana biyu a hanya. Samari kan taru a wata gahawa, wato gidan shan shayi, a unguwar Tandabawi, a yi musu a kan ƙungiyar da ta ci, a ce wanda ya faɗi shi zai sayi shayi. Ranar da jarida ta zo sai a buɗe. To, a tashar jiragen ruwa ta Jidda na san wani matuƙi mai babbar rediyo, shi ke gaya mini sakamako tun washegarin wasa. Da farko shayi kawai nake ci ina dariya. Daga shayi aka koma agogo, daga agogo aka koma kayan gida. Nakan faɗi da gangan jefi-jefi don kada a gane ni.

Sai shekarar da ƙungiyoyi biyu na ƙasar Sifen suka haɗu a wasan ƙarshe na wani kofin Turai. Da yake 'yan ƙasa ɗaya ne, musu ya yi zafi, gahawa ta cika. Na shigo da sakamakon a cikina. Ina zaune sai ga ƙanena Habu. Ya zaɓi wadda na san ta riga ta faɗi, ya ɗora keken Baba a kai, wai in ya ci zai saya wa tsoho sabo.

Ya dube ni ya ce, "Yaya, kai da ka iya, me ka gani?"

Idon kowa na kaina. In na hana shi, asirina ya tonu. Na ce, "Ƙwallo ce, ya akhi. Allah kaɗai ya sani."

Keken ya faɗa hannun wani mahauci, ya sayar a ranar. Baba bai zagi kowa ba. Ya nemi sanda da garewani biyu, ya shiga kai ruwa gidajen kan dutse da tsufansa. Direban motarmu ya san inda nake zuwa a Jidda. Da ya ga tsohon yana hawan dutse da kaya, ya kasa yin shiru, ya kai ƙarata. Askarawa suka zo, alƙali ya yanke mini bulala da kurkuku.

Sau ɗaya Habu ya ziyarce ni. Ya ce Baba ya faɗi a kan hanya, an yi masa salla a Harami, an rufe shi. Ya ce tsohon ya yafe cacar, abin da ya yi ta tambaya kawai shi ne ko da gaske na sani lokacin da na ƙi hana Habu. Na ce na sani. Habu ya tashi.

Da na fito na tuba, na bi waɗanda na cuta gida-gida, wasu suka yafe, wasu suka rufe ƙofa. Habu har yau sallama kaɗai yake amsa mini. Ba zan daina zuwa wurinsa ba.

Ku samari, ku kalli ƙwallo ku tashi da hannunku wayam. Kada ku ɗora mata ko kofin shayi. Ranar da ɗan'uwanka ya dube ka ya nemi gaskiya, faɗa masa, ko da duniya duka na kallonka.