Mubaraka Tambari, Yarinyar da Aka Hana wa Allura

Haihuwa da Karatu

An haifi Mubaraka a shekarar 2014 a garin Galadi, ƙaramar hukumar Shinkafi. Mahaifinta Tambari wanzami ne, mahaifiyarta Ummusalma kuma mai sana'ar ƙuli-ƙuli. Ta shiga makarantar allo tana da shekara biyar, kuma malamanta sun shaide ta da saurin hadda, da kuma surutun da bulala ta kasa maganinsa.

Gudun Hijira

A daminar 2021, sakamakon harin 'yan bindiga, iyalin suka baro geronsu a gona, suka ɗan zauna wajen dangi a Zurmi, daga bisani suka tare a wani kango a Ƙaura Namoda tare da wasu masu gudun hijira.

Jinya

A farkon 2022 kumburi ya fito mata a muƙamuƙi. Mahaifinta ya yi mata tsaga da askarsa, amma kumburin sai ƙaruwa yake yi. Dattawan kangon suka yanke hukunci cewa ciwon daji ne, kuma a al'adarsu daji ba ya son ƙarfe. Da Ummusalma ta nemi a je asibiti, Tambari ya ce, "Ƙarhena ne ya harzuƙa shi. In anka ƙara mata da allura, hwashewa za shi yi. Ban yarda ba." Ba mugunta ba ce, tsoro ne da son ɗiya. Aka shafe watanni ana ba ta jiƙo.

Sai da ko kunu ya gagare ta haɗiya, sannan uwar ta goya ta zuwa tasha ba da izinin kowa ba, suka shiga mota zuwa asibitin Gusau. Likitan da ya duba ta a Gusau ya bayyana cewa irin wannan dajin yana jin magani idan an zo da wuri, amma 'ya'yan masu gudun hijira, saɓanin na 'yan gari, ba a kawo su sai ciwo ya ci ƙarfinsu.

Rasuwa

Allah ya yi mata rasuwa a watan Oktoban 2022, tana da shekara takwas. An yi jana'izarta a Ƙaura Namoda cikin baƙin fuskoki, domin hanyar Galadi ba ta biyuwa. Ba ta kai ga aure ba, balle ta bar zuriya. Ta bar iyayenta, da yayyenta Hassan da Dauda, da ƙanenta Rufa'i. Tambari ya daina wanzanci tun daga ranar, kuma har yau yana cewa bai san wanne ya kashe ta ba, ƙarfen da ya sa mata ko wanda ya hana a sa mata.