Takin da Ya Ruɗi Barau Tela

Barau Tela yayana ne, uwa ɗaya uba ɗaya, kuma duk Gummi babu mai fitar da wuyan riga kamarsa. Shekara talatin yana taka keke a rumfarsa ta bakin kasuwa, ƙorafinsa ɗaya ne kullum: shi ɗan manomi guda a ce yana awon hatsi a kwano? Gonar gadonmu an daɗe da sayar da ita. Burinsa bai wuce ya ga rumbu a gidansa kafin ya mutu ba.

Da ranin shekara huɗu da suka wuce, wani dillali ya goya shi a babur ya nuna masa fili can bayan Nasarawa Burkullu. Filin dogo ne, siriri, kuɗinsa bai kai rabin na gonakin gefe ba. Ya dawo baki har kunne yana kwatanta mini filin.

"Lauratu, ba ki ga kashin shanu ba! Ko'ina. Taki kyauta, ba ruwana da na zamani."

Na ce, "Yaya, araha fa ba ta ado. Ka tambayi maƙwabtan wurin?"

"In tambaya su ji su riga ni?"

Kai, taurin kai irin na gidanmu! Ya sayar da keken ɗinkin, matarsa Habsu ta ba da ragunanta biyu, aka yi takarda da shaidun da dillalin ya kawo. Ruwa ya sauka ya shuka gero. Wallahi geron ya yi kyau, na je na gani da idona, sai da ya shanye tsawon mutum.

Wata Laraba ya isa gona ya tarar garke ya ratsa ta tsakiya, gero kwance. Ya hau ihu. Wani dattijon makiyayi mai suna Labbo ya dogara sandarsa, ya bari sai da ya gaji.

"Malam, wa ya ce ka yi shuka nan? Wanga burtali ne. Nan shanun kakana suka bi zuwa ruwa, nan nawa ke bi. Ba ka ga kashinsu ba?"

Ya gani mana. Ai kashin ya saya.

A gaban hakimi maganar ba ta yi tsawo ba. Dattawa suka shaida hanyar shanu ce, ba a nomanta, ba a sayar da ita. Dillali kuwa ko sama ko ƙasa. Har yau haushi nake ji, na kaina ya fi yawa. Ni da nake auren manomi, daga jin "dogo siriri" ya kamata in gane, amma na bar shi don kada a ce ina masa baƙin ciki.

Yanzu ɗinkin ƙwadago yake yi a rumfar Abdulwahabu, wanda ya sayi keken, a kan kekensa na da. Ranar kasuwar da ta wuce na hango shi wurin masu awo, ya buɗe bakin buhu ana zuba masa kwano biyu na gero. Muka haɗa ido, ya yi kamar bai gan ni ba. Ni ma na wuce.